Lissafin shekarar farko a jami'a: ƙofar da ta zama rariya

A duk shekara, da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, gidaje kan cika da guɗa tun daga Yamai har Difa. Uba ya yanka abin da ya sawwaƙa, uwa ta raba goro, maƙwabta su zo barka, a ce ɗan wane ya samu bak ta kimiyya, gobe zai zama anjiniya. Amma bayan shekara guda ko biyu, ba wanda ke yin shela idan yaron nan ya komo gida shiru, ko ya sauya hanya ya koma sashen shari'a ko na adabi, ko ya tsaya yana maimaita aji har kuɗin burs ɗinsa ya yanke. In aka bi sawu, sau da yawa za a tarar abu guda ne ya kayar da shi, wato darasin lissafi na shekarar farko, wanda ɗalibai ke kira analiz, tare da abokin tafiyarsa aljabaru.

Wannan darasi ba ya cikin abubuwan da ake tattaunawa a dandalin siyasa, kuma ba a taɓa jin an yi zanga-zanga dominsa ba. Duk da haka, babu anjiniyan hanya ko na gada, babu masanin ma'adinai, babu mai auna ruwan kogi ko mai hasashen damina, babu masanin ƙididdiga, babu malamin lissafi ko na fizik a lise, wanda bai bi ta wannan ƙofa ba. Ƙasar da ta bari ƙofar ta ƙuntata har ƴan kaɗan ne ke wucewa, ta yanke wa kanta hukuncin ci gaba da hayar baƙi su ƙirga mata dukiyarta, su kuma faɗa mata nawa ne rabonta. Saboda haka maganar ta shafi alhajin kasuwa da ma'aikacin bariki kamar yadda ta shafi ɗalibi da malaminsa.

Yana da kyau a fara da bayyana abin da ake koyarwa, domin sunan kawai kan tsorata mutane. Lissafin da kowa ya sani, na tarawa da ɗebewa da ruɓanyawa da rabawa, yana aiki ne a kan abin da ke tsaye: buhu nawa, jika nawa, mudu nawa. Lissafin shekarar farko kuwa yana aiki a kan abin da ke motsi. Reshensa na farko yana tambayar yadda abu ke canjawa a daidai wannan lokaci, da sauri ko a hankali, yana hawa ko yana sauka; ɗalibai na kiransa deribe, ana iya ce masa lissafin canji. Reshe na biyu yana tara ƙananan abubuwa marasa iyaka ya fitar da jimillarsu; shi ne antegral, lissafin tari. Baturen Ingila Isaac Newton da Bajamushe Gottfried Leibniz ne suka gano, kowa ta hanyarsa, cewa rassan nan biyu juna suke warwarewa, kamar saye da sayarwa. Leibniz ya buga nasa a 1684, babban littafin Newton ya fito a 1687, kuma tun daga nan duk wani aikin injin ko gini ko lantarki a kan wannan harsashi yake zaune.

Ɗan kasuwar hatsi na Maraɗi yana yin lissafin canji a kansa ba tare da ya san sunansa ba. Ya sayi gero da kaka ya zuba a mangaza. Farashi na hawa mako bayan mako, amma ajiyar ma tana cin kuɗi: hayar wuri, mai gadi, ɓarnar ƙwari, ga jarin da ya kwanta. A ɗauka buhu na ƙara sefa 500 a mako, ajiyarsa na cin sefa 200. Jira yana da riba. Ranar da hawan farashin ya yi sanyi har ya komo sefa 200 a mako, jiran ya daina amfani, kuma daga nan duk kwanan da ya ƙara asara ce, ko da farashin bai daina hawa ba. Wannan ƙa'ida, cewa riba takan kai ƙololuwa a daidai inda ƙarin shiga ya yi daidai da ƙarin fita, ita ce ake koya wa ɗalibi a watannin farko, sai dai ana ba shi hanyar da zai yi amfani da ita ga kamfanin siminti, ga matatar mai, ga kasafin kuɗin ƙasa.

Mai gidan mai da ɗan duwan su ma suna da nasu misali. Tanki mai siffar ganga da aka kwantar, in aka zura sanda aka ga mai ya kai rubu'in tsayinsa, mutum zai ɗauka rubu'in tankin ne ya rage. Ba haka ba ne, domin ƙasan tankin ya fi cikinsa ƙunci. Abin da ke ciki bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. A tanki mai cin lita 30,000, wanda ya yi lissafi da ido zai rubuta lita 7,500, alhali abin da ke ciki bai cika lita 5,900 ba. Bambancin ya haura lita 1,600. Takardar awon da ke rataye a gidan mai, wadda ke cewa santimita kaza lita kaza ce, lissafin tari ne ya haife ta. Wanda ba zai iya binciken ta ba, dole ya yarda da abin da mai ita ya faɗa masa.

Abin da ke faruwa a gidan mai shi ke faruwa ga ƙasa baki ɗaya, sai dai da manyan lambobi. Bashin da ake ɗora wa ruwa na kashi 8 cikin ɗari a shekara, in aka bar ruwan yana hawa kan uwar kuɗi, cikin shekara 9 ya ninka: miliyar 100 ta zama kusan miliyar 200. Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutum miliyon 7 da ɗoriya a Nijar, ta 2001 ta samu kimanin miliyon 11, ta 2012 ta samu miliyon 17, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Da irin wannan gudu, jama'a na ninkawa cikin shekara 18. Ajin makaranta nawa za a gina, rijiya nawa, gadon asibiti nawa, tan nawa na hatsi, duk amsarsu na cikin darasin nan da ake kira mai wuya. Haka madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008: sanin yawan ruwan da kogin Isa ke wucewa da shi a shekara yana bukatar a tara kwararar kowace rana, ta lokacin cika da ta lokacin janyewa. Haka bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, wanda aka fara fitar da mai ta cikinsa a 2024: ƙarfin turawa, kaurin ƙarfe da wuraren da za a kafa famfuna, lissafi ne ya tsara su.

An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011. A 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mayar da kamfanin Somair hannun ƙasa. Ko mutum na goyon bayan wannan mataki ko yana da ja a kansa, abu ɗaya ba ya canjawa: mallakar rami a takarda ba ta isa ba sai da mutanen da za su auna abin da ke cikinsa, su tsara haƙarsa, su karanta kwangilar sayar da shi. Cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa a Yamai a 1974 domin nazarin ruwan sama da noma a Sahel, da hukumar kula da kogin Isa, da makarantar ma'adinai ta EMIG, duk suna cikin babban birnin ƙasar, kuma duk masu lissafi suke nema. Tambayar ita ce ƴaƴan wa za su zauna a kujerunsu.

To me ya sa ɗaliban da suka ci bak, wasu ma da yabo, suke faɗuwa a nan? Amsar da ta fi sauƙi a bakin wasu malamai ita ce yaran yanzu ba su da ƙoƙari. Amsa ce mai daɗi ga mai faɗinta, domin ta wanke kowa sai yaro. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Dalili na farko yana cikin darasin kansa. A lise, lissafi aiki ne na bin ƙa'ida: a ba ka tsari, ka sa lambobi, ka fitar da amsa. A jami'a, bisa al'adar da aka gada daga Faransa tun littafin Augustin Cauchy na 1821, ana fara wa ɗalibi da hujja. Ba a tambayarsa nawa ne amsa. Ana tambayarsa ya tabbatar cewa amsar tana nan, kuma ita kaɗai ce. Ana sake gina masa lambobin da yake zaton ya sani tun firamare, ana ba shi ma'anar iyaka da haruffan Girka. Wannan horo ne mai daraja, shi ne ke bambanta wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Amma tsalle ne babba, kuma ko a Paris ɗalibai na tuntuɓe a kansa. Inda aka bambanta shi ne, a wasu wurare an san da ramin an kafa masa gada, a wasu kuma an bar kowa da ƙafarsa.

Dalili na biyu yana bayan jami'a. Ɗalibin da ya fito daga lise inda malamin lissafi guda ke riƙe da azuzuwa masu yawa, ko inda aka ba wa wanda ya karanta wani fanni dabam alli aka ce ya rufe gurbi, ko inda yajin aiki ya cinye watanni har ba a kai ƙarshen manhaja ba, yana shiga anfi da rami a ƙarƙashinsa. Shi kuwa lissafi gini ne: bulon da aka tsallake a aji na uku, a shekarar farko ta jami'a yake rushe bango. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasar ta dogara ga malamai ƴan kwantaragi da masu hidimar ƙasa domin cike azuzuwa. An samu yawan makarantu, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai wanda ya ƙware a lissafi yana da wurare da yawa da za su biya shi fiye da aji, don haka shi ne na farkon tafiya. Daga nan sai abin ya zama zobe: ƙarancin malamai ya sa ɗalibai na gudun sashen C, na lissafi da fizik, ƙarancin ƴan sashen C ya sa masu kammala lissafi a jami'a ba su da yawa, ƙarancin masu kammalawa ya komo ya zama ƙarancin malamai. Ƴan mata, waɗanda tun farko ake raɗa musu cewa wannan fanni na maza ne, su ne suka fi zubewa a hanya.

Dalili na uku shi ne yanayin karatu. Ba a koyon lissafi da kunne, da hannu ake koyonsa, kamar ɗinki ko ƙira. Lacca a babban ɗaki, inda malami ke rubutu a allo ɗaruruwa na kwafa, na baya ma ba sa ganin allon, ba ta wuce sanarwa ba. Ainihin koyo yana faruwa ne a zaman aikin gwaji, wanda ɗalibai ke kira tede, inda yaro zai tashi ya gwada, ya yi kuskure, a gyara masa. In zaman tede ya cika ya zama wata laccar, an rufe wurin da ake koyo ke nan. A ƙara da ƙarancin littattafai, da jinkirin burs, da wahalar wurin kwana da ta motar zuwa Harobanda, da shekarun karatu masu hawa kan juna.

Dalili na huɗu harshe ne. Hujjar lissafi tana rataye a kan ƙananan kalmomi: ga kowane, akwai wani, in har, sai in. Wanda ya sauya wurin biyu daga cikinsu ya sauya ma'anar duka. Ɗalibin da ke tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, yana sauraro da Faransanci, yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Sau da yawa abin da ake kira rashin kai, rashin fassara ne.

Wannan hali yana da tarihi. An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma da kimiyya aka fara. A shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, masu ba da lamuni sun nace cewa ƙasa matalauciya ta zuba kuɗinta a firamare ta rage na jami'a. Matakan da suka biyo baya na cikin abin da ya fito da ɗalibai kan gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, inda aka kashe uku daga cikinsu, abin da ya share hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk littafin da ake shigo da shi daga Faransa a dare ɗaya. Shekarun da suka biyo baya sun ga bashin albashi da shekarun karatu da aka soke. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. An kai jami'a kusa da talaka, amma gina ɗaki ya fi horar da daktan lissafi sauri, domin shi yana cin shekara takwas bayan bak in komai ya tafi daidai.

Kada wani ya ce lissafi baƙon abu ne a wannan ƙasa. Malaman zaure da ke raba gado suna aiki da ilimin fara'ili, kuma babban kaso na littafin Alkhawarizmi, littafin da daga sunansa aka samo kalmar aljabaru a ƙarni na 9, a kan rabon gado da wasiyya yake. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a Masar a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa ne a 1929. Ya ci jarrabawar agregasiyon ta fizik a Faransa a 1956, ya shugabanci ofishin nazarin hasken rana na ƙasa, ya riƙe jami'ar, ya kuma rubuta littafi a 1964 a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Ƙasar da ta haifi irinsa ba ta da hujjar cewa ƴaƴanta ba su da kan lissafi.

Akwai masu ja, kuma ya kamata a saurare su. Na farko suna tsoron cewa duk maganar rage faɗuwa, ƙarshenta rage awo ne, a raba takardu ga waɗanda ba su cancanta ba. Tsoronsu na da tushe, domin gadar da jahili ya lissafa ba ta tambayar wanda ke kanta kafin ta faɗi. Kada a sauƙaƙa jarrabawa ko da ɗigo ɗaya. Amma yawan waɗanda suka faɗi ba shaidar ingancin koyarwa ba ne. Likitan da marasa lafiyarsa ke mutuwa ba ya alfahari da tsananin cutar. A Amurka, inda wannan darasi ya daɗe yana kayar da ɗalibai, malaman lissafi sun yi babban taro a Washington a 1987, suka amince cewa ya kamata darasin ya zama famfo mai tura ɗalibai gaba maimakon rariya mai zubar da su. Kafin nan, a jami'ar Berkeley, malami Uri Treisman ya lura cewa ɗalibai baƙar fata da ke faɗuwa yawanci su kaɗai suke karatu, alhali ƴan asalin Sin a rukuni suke yi, suna gyara wa juna. Ya haɗa masu faɗuwar a ƙananan rukunoni, ya ba su tambayoyi masu wuya, ba masu sauƙi ba, sakamakonsu ya tashi. Wannan magani ba ya bukatar injin da za a sayo daga waje.

Na biyu suna cewa kwamfuta da wayar hannu na warware waɗannan tambayoyi cikin ƙiftawar ido, don me za a wahalar da yaro? Gaskiya ne na'ura na fitar da amsa. Amma ba ta san ko tambayar da aka ba ta daidai ce ba, kuma in ta yi kuskure ba ta jin kunya. Ɗan kasuwar da ya sayi kalkuleta bai daina bukatar sanin ciniki ba. Na uku suna cewa ƙasar da yaranta da yawa ke barin firamare ba su iya karatu ba, ba ta da hurumin damuwa da analiz. Wannan ita ce hujjar shekarun 1980, kuma an ga inda ta kai. Mushen firamare a hannun malamin kwaleji da na lise ya koyi lissafi, su kuma a jami'a aka horar da su. In saman rijiya ya rushe, ƙasanta yake cikewa.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne, kuma yawancinsa bai kai kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ba.

Da farko, kowace jami'a ta riƙa bugawa a fili, a ƙarshen kowace shekara, yawan waɗanda suka yi rajistar lissafin shekarar farko, da waɗanda suka zauna jarrabawa, da waɗanda suka ci, maza da mata, tare da jihar da suka fito. Sashen da ke koyar da ƙididdiga ya fi kowa cancantar a ƙirga aikinsa. Da waɗannan lambobi ne ministan ilimi mai zurfi zai san lise ɗin da ke bukatar malami, uba kuma ya san inda zai tura ɗansa.

Na biyu, a gwada kowane sabon ɗalibi a makon farko, domin a san inda raminsa yake, a ba masu bukata makonni na cike gurbi kafin a shiga hujjoji. Tsarin LMD da jami'o'in yankin suka runguma ya raba shekara zango biyu, don haka akwai wurin da za a sa wannan gada in an so. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a mayar da zaman tede ƙanana, yadda malami zai san sunan kowa. Ɗaliban masta da na dakta za su iya riƙe su a ƙarƙashin kulawar manya, in za a biya su a kan lokaci. Kuma a ba shekarar farko ƙwararrun malamai. Hukumar Cames, wadda a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, tana ɗaga darajar malami musamman bisa binciken da ya buga. Bincike wajibi ne, amma jami'a na da ikon ta saka wa wanda ya fitar da ɗalibai ɗari daga duhu da lada da girma na musamman.

Na huɗu, a karya zoben ƙarancin malamai daga tushe. Duk ɗalibin da ya yarda ya karanta lissafi ya koyar a lise na wasu shekaru, a ba shi burs mai kauri, a ɗauke shi aiki ranar da ya gama, a ƙara masa alawus in ya tafi nesa da birni. A tabbatar kowane babban gari na da ajin C mai malami, kuma a nemi ƴan mata da gangan, da kyauta da wurin kwana mai aminci. Masu hazaƙa a buɗe musu hanya zuwa cibiyoyin nahiyar, irin su AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 ta kuma buɗe reshe a Senegal a 2011, ko cibiyar lissafi da fizik ta Benin, da sharaɗin su komo su koyar.

Na biyar, littafi. Malaman sassan lissafi na jami'o'in ƙasar su haɗu su rubuta littafi guda na shekarar farko, mai misalai daga kasuwa da gona da kogi, a buga shi a gida da araha, a kuma sa shi a waya kyauta. Dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya koyar da kowa. In ana son ya yi amfani, masana lissafi da masana harshe su zauna su tsara kalmomin wannan fanni da Hausa da sauran harsunan ƙasar, domin malami ya iya bayyana ma'ana da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan a rubuta hujjar da Faransanci ko Ingilishi.

Ƙungiyoyin ɗalibai da na malaman jami'a su ma akwai magana a kansu. Haƙƙoƙin da suke nema sau da yawa halal ne, kuma hukumar da ba ta biya a kan lokaci ita ce ke fara kunna wutar. Amma darasin da kowane mako ke hawa kan na jiya ba ya jure katsewa. Wanda ya fi cutuwa da wata biyu na rufe anfi shi ne ɗan talakan da ba shi da kuɗin makaranta mai zaman kanta ko na tafiya Maroko. Kare kalandar shekarar farko ya kamata ya shiga cikin abin da kowane ɓangare ke sa hannu a kai.

Saura alhazan kasuwa. An san su da gina masallatai da haƙa rijiyoyi da biya wa mutane kujerar Makka, Allah ya saka musu. Ɗakin karatu mai littattafan lissafi ɗari biyu da fitila mai aiki da hasken rana a kusa da jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa bai kai kuɗin babbar mota guda ba. Ɗaukar nauyin ɗalibai biyar na shekara uku bai kai kuɗin biki guda ba. Majalisar ƴan kasuwa na iya kafa kyautar shekara ga ɗalibi da ɗalibar da suka fi kowa a lissafi a kowace jiha. Kamfanonin haƙar ma'adinai da na mai da na waya, waɗanda ke kukan rashin ƙwararrun ƴan ƙasa, a rubuta musu cikin kwangila cewa za su ɗauki wani kaso na wannan nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi kuwa, su da suka san yadda ake zama gaban baƙon da ya zo da lissafinsa a shirye, sun fi kowa sanin tsadar rashin nasu.

Kowace gwamnati da ta hau tun samun ƴancin kai a 1960 ta yi alkawarin cewa dukiyar ƙasa za ta amfani ƴan ƙasa. Hanyar cika wannan alkawari tana bi ta wani ɗaki mai zafi, da allo da alli, inda yaro ɗan shekara 19 daga Mayahi ko Tanut ko Madawa ke ƙoƙarin gane abin da ake nufi da iyaka. In ya gane, bayan shekara biyar shi ne zai zauna a teburin ciniki ya ce wannan lamba ba daidai ba ce. In aka bar shi ya faɗi, wani ne zai zauna a kujerar, kuma ƙasa ce za ta biya shi da kuɗin waje. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa masu iko su ji, masu hali su motsa.